Kada a ƙone kayen nan

Wasiƙar wannan mako ta zo mana daga birnin Tahoua, daga wata baiwar Allah da ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto, a taƙaice:

"Ƙanena yana da shekara 27. Wata 14 ke nan da ya yi haɗarin babur a hanyar Konni, babu hular kwano a kansa. An kai shi Yamai an yi masa aiki a kai, ya yi kwana 9 bai san inda yake ba. Yanzu jiki ya yi sauƙi, yana tafiya da ƙafarsa, amma magana tana yi masa gardama, yana mantuwa, abu kaɗan ke fusata shi, kuma abokansa na fada, wato majalisar hirar samari, sun janye ƙafa. Tun bayan azumi ya sayi kaye, wato littafin rubutu, yana rubutu da dare. Ran nan ya fita na buɗe, na ga ya rubuta cewa wanda ya hau babur ɗin nan bai dawo gida ba, wani ne aka kawo a madadinsa. Na nuna wa Inna, ta ce rubutun ne ke ƙara masa tunani, a ƙone shi. Kawunmu kuma ya ce wata rana sai takardar ta faɗa hannun bare ta tona asirin gida. Shin in ɗauke kayen ne, ko yaya zan yi?"

Ɗiyata, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi, domin na san jinyar wanda ya bugu a kai jinya ce da ba a zuwa wa mutum sannu a kanta bayan watannin farko. Amsata a gajarce ita ce kada ki ɗauke kayen, kuma kada ki bari a ƙone shi. Sai dai ba zan tsaya a nan ba, saboda tsoron Inna yana da tushe, kuma akwai abu ɗaya a cikin wasiƙarki da ke bukatar ki yi wani abu a kansa cikin makon nan.

Bari in fara da abin da ke faruwa a kan ƙanenki, domin idan gida bai fahimci wannan ba, duk abin da ya yi za a fassara shi da taurin kai ko taɓin hankali ko aikin iska. A wajen mafi yawan mutane, sassan ƙwaƙwalwa da ke harhaɗa magana suna ɓangaren hagu ne. Tun a 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya bayyana labarin wani majinyaci a Paris wanda yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa guda, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa aka tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu. Darasin da likitoci suka ɗauka tun daga lokacin shi ne cewa kalma tana iya ɓace wa mutum alhali hankalinsa yana nan daram. Ƙanenki ya san buta, ya san amfaninta, yana ganinta a gabansa, sunan ne kawai ya ƙi zuwa a lokacin da yake nemansa. Saurin fushin ma sau da yawa daga raunin yake, domin gaban ƙwaƙwalwa, wanda shi ne linzamin da ke riƙe mutum kada ya faɗi ko ya aikata duk abin da ya zo masa, yana cikin wuraren da suka fi buguwa idan kai ya daki kwalta.

To, ki ɗauki mutum mai wannan hali ki zaunar da shi a fada. Samari takwas a kan benci da tabarma, butar shayi a kan gawayi, rediyo tana yi, babura suna wucewa, wannan yana gardamar ƙwallo, wancan yana tsokanar wani. Kafin ƙanenki ya lalubo kalmar da yake nema, hira ta yi gaba, an bar wannan zance an shiga wani, ko kuma wani mai tausayi ya ƙarasa masa jimlar da abin da ba shi yake nufi ba. Sau biyu, sau uku, sai ya yi shiru, daga baya ya daina zuwa, su kuma abokan su ce ya canja. Takarda ba ta yi masa haka. Idan ya yi minti goma yana neman kalma ɗaya, tana nan tana jiransa, ba ta duban agogo, ba ta ƙarasa masa magana, kuma abin da ya ajiye a kanta jiya zai same shi yau ko da ƙwaƙwalwarsa ta yar da shi. A ganina wannan kaye shi ne wuri ɗaya da ya rage masa inda yake faɗin magana tun daga farkonta har ƙarshenta da kansa. Wanda ya ƙone shi ya sake katse masa magana ne, kuma a wannan karo daga cikin gida.

Ba shi ne na farko da ya kama wannan hanya ba. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, harsashi ya sami wani matashin sojan Rasha mai suna Zasetsky a ɓangaren hagu na kai. Ya farfaɗo ya tarar ya manta karatu, ba ya ganin abin da ke gefensa na dama, kuma sunayen abubuwan yau da kullum sun watse masa. Likitan da ya bi lamarinsa, Alexander Luria, ya lura cewa idan ya bar hannunsa ya tafi ba tare da ya tsaya yana tunanin kowane harafi ba, rubutu yana fita. Mutumin nan ya yi kusan shekara 25 yana rubuta labarin kansa, wata rana yini guda ya samu rabin shafi da ƙyar, har ya tara shafi wajen 3,000. Abin da nake so ki riƙe a labarin shi ne cewa raunin bai warke ba, ya rayu da shi har ƙarshen ransa. Rubutun ya ba shi abin da zai tashi dominsa kowace safiya, ya kuma ba shi hanyar ɗinke jiya da yau. Ina faɗin haka ne domin kada ki je ki gaya wa Inna cewa kaye magani ne da zai maido mata da ɗanta yadda yake a da, ta zuba ido wata uku, ta ga ba haka ba, ta ce an yaudare ta.

Akwai kuma bincike da aka yi kan rubuta damuwa. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15 a kwana huɗu a jere, wasu kan abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa, wasu kan abubuwan da ba su da nauyi. A watannin da suka biyo baya, waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji a zuciya sun rage zuwa wurin likita. Ɗaliban nan lafiyayyu ne, ba masu rauni a kai ba, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna amfanin matsakaici ne. Amma akwai wani abu a binciken da ya shafi maganar Inna kai tsaye: da yawa daga masu rubutun sun tashi daga kan takarda ransu a ɓace fiye da yadda suka zauna, sauƙin sai daga baya ya zo. Saboda haka idan Inna ta ga ya rufe kaye idonsa ya yi ja, abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce take bukatar gyara.

Yanzu ga abin da na ce ba ya jira. Jimlar da kika karanta, cewa wanda ya hau babur bai dawo ba, magana ce da masu irin wannan rauni suke yawan faɗa, kuma galibi makoki ne mutum yake yi wa kansa na da: saurayin da yake da sana'a, yake da baki a fada, wataƙila har da yarinyar da yake nema. Makoki ba laifi ba ne. Amma ciwon baƙin ciki mai tsanani yana yawan biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin mutum ya cutar da kansa ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Don haka ki zauna da shi ku biyu, a lokacin da gida ya yi tsit, ki tambaye shi a fili ko yana jin ya gaji da rayuwa, ko tunanin kashe kansa yana zo masa. Na san wannan tambaya tana da nauyi a bakin Bahaushe, kuma za ki ji kamar ke ce za ki sa masa abin a rai, amma masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa sun tabbatar tambaya ba ta shuka wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, ko ya daina cin abinci, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya yi maganar wata hanya da ya tanada, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, kuma a faɗa wa likita komai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan idan farfaɗiya ta kama shi, ko ciwon kai yana ƙaruwa da amai, ko barci ya yi masa yawa fiye da yadda aka saba, wannan ba zancen kaye ba ne, zancen asibiti ne. Ki kuma sa ido kada wani ya ba shi tramol da sunan maganin ciwon kai, saboda ƙwayar nan tana iya tayar da farfaɗiya, balle ga wanda aka taɓa buɗe wa kai.

Kafin wannan zama, akwai bashin da ke kanki. Kin buɗe masa kaye ba da izninsa ba, kin kuma kai wa Inna, har zance ya kai ga Kawu. Na san tsoro ne ya sa ki, ba tsegumi ba, amma ki duba ta wajensa: wata 14 ana yi masa wanka, ana magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin, ana yanke masa shawara, sannan abu ɗaya da yake nasa shi kaɗai ya zama abin tattaunawar dangi. Ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a bakin wani. Ki ce, "Ƙanena, na yi maka laifi, na karanta rubutunka saboda hankalina bai kwanta ba, ka yafe mini, ba zan ƙara ba sai ka miƙo mini da hannunka." Mai yiwuwa ya yi fushi ya yi kwana biyu bai kula ki ba. Ki jure, kuma ki saya masa ƙaramar akwati mai kwaɗo ki ba shi makullin. Wannan akwati ita ce kuma amsar Kawu. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma maganar da aka hana ta takarda ba ta mutuwa, tana fita ne da tsawa a tsakar gida, maƙwabta suna ji ta kan katanga.

Inna kuwa a bi ta da lallashi, kuma da abin da ta sani. Rubuta baƙin ciki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, a nan cikin jiharku, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙin makoki da dama, ciki har da wadda ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Babu malamin da ya ce ta rasa tawakkali don ta zuba hawayenta a baiti. Idan akwai malamin da Inna take jin maganarsa, ki fara zuwa wurinsa ki yi masa bayani, domin kalma ɗaya daga bakinsa za ta fi dogon jawabinki tasiri. A wuri ɗaya dai ina bayan Inna, wato rubutun dare. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana saurin gajiya, barci kuma yana cikin manyan abubuwan da take farfaɗowa da su, sannan tunani ya fi baƙi idan dare ya raba. Ki shawarce shi ya maida rubutun bayan sallar asuba ko da hantsi kafin rana ta yi zafi, minti 15 zuwa 20, ya ajiye biro tun kai bai fara sara ba, ya kuma rage shayi mai kauri da yamma.

Na ga irin wannan a gidanmu. Wani kawuna tela ne a unguwar Bukoki a Yamai, hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Sunan matarsa ma ba ya fita, amma idan aka tada Fatiha sai ya bi har ƙarshe ba tuntuɓe, abin da ya sa wasu suka ce da gangan yake ƙin magana. Ba da gangan ba ne: abin da baki ya haddace da abin da ake rerawa sukan tsira ko da maganar yau da kullum ta lalace, har likitoci a Boston suka gina wata hanyar koyar da magana a kan rera kalmomi a 1973. Wata rana na same shi da tsohuwar takardar ordinans, wadda likita ke rubuta magani a kai, a kan cinya, ya riƙe biro da hannun hagu, ya yi kusan rabin awa ya rubuta kalma uku da ajami, harufan suna gangarowa kamar za su faɗo daga takardar: allura, zare, haƙuri. Ƴarsa ta karanta da ƙarfi, ta sa musu karin waƙar daka, ya yi dariya har da hawaye, ya buga cinya yana amsawa da "haƙuri" duk lokacin da ta zo wurin. Daga ranar, kullum da la'asar sai ya ƙara kalma ɗaya ko biyu, ita kuma ta rera, shi ya riƙe amshi.

Na kawo labarin ne don ki ga cewa ba sai labarin haɗarin kaɗai za a rubuta ba. Idan kin lura, ta bakinsa ba ta leƙe ba, cewa kullum wuri ɗaya yake zagayawa, hanyar Konni da kwana taran da suka ɓace masa, ki buɗe masa wata ƙofa. Ya yi wa hannunsa kirari, ko ya yi wa mantuwa zambo kamar yadda ake yi wa kishiya. Ya rubuta wa saurayin da ya hau babur wasiƙa ya ba shi labarin gida. Ya ɗauki Gizo ya sa shi ya faɗo daga kan kuka ya manta sunan Ƙoƙi, ya ga yadda zai yi dabara, domin abin da mutum ba ya iya faɗa da "ni" sau da yawa yana fita cikin sauƙi da "shi". Waƙa mai amshi ta fi dacewa da mai mantuwa, tunda baiti gajere ne kuma amshin yana dawo da shi hanya idan ya ɓace. Kuma don Allah kada kowa ya zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, a kansa. Yawancin yaranmu da Faransanci suka koyi riƙe biro, don haka za ki ga ya rubuta "tchiwo" a wurin "ciwo", ya cakuɗa Hausa da Faransanci a layi ɗaya, ya tsallake harafi. Ki bar shi. Ranar da hannu ya gaji ko ido ya ƙi, ya faɗa a waya ya naɗa, ko ya faɗa miki ki rubuta yadda ya faɗa, ba yadda kike ganin ya kamata ya faɗa ba. Gyaran harshe aikin masu koyar da magana ne, waɗanda ake kira ortofonis, kuma sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, yawancinsu a Yamai suke. Idan kun koma ganin likitan da ya yi masa aiki, ki tambaya ko za a haɗa ku da ɗaya, ko da zama biyu ne a koya muku abin da za ku riƙa yi a gida. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma ba ya tsayawa a shekara ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙwarewa a kan abin da ake maimaita mata.

Saura zancen abokai, wanda a ganina shi ne rabin ciwon. Kada ki yi saurin yanke musu hukunci, yawancinsu ba ƙi ba ne, rashin sanin abin da za su ce ne ya kore su. Ba fada duka kike bukata ba, mutum ɗaya ya isa. Ki zaɓi wanda ya fi natsuwa a cikinsu, wanda ya yi zarya lokacin da ake kwance a asibiti, ki aika a kira shi, ki gaya masa abu biyu: ya zo shi kaɗai, kuma idan ƙanenki ya tsaya neman kalma ya ƙirga goma a ransa kafin ya buɗe baki. A kashe rediyo, a kori yara zuwa waje. Idan ƙanenki ya ga dama, ya karanta masa baiti biyu, ko abokin ya karanta shi ya saurara. Abin da bai iya faɗa musu ba cikin hayaniyar fada, cewa yana jin duk abin da ake cewa, cewa dariyar da aka yi ran nan ta yi masa ciwo, cewa yana kewarsu, takarda za ta isar da shi cikin minti biyu, kuma abokin zai kai wa sauran ba sai an aike shi ba. Daga baya, idan akwai wani da suka yi kwanciya ɗaki ɗaya a Yamai ko suke haɗuwa wurin gashin ƙashi da motsa jiki, su yi musayar lamba, su riƙa aika wa juna abin da suka rubuta ko suka naɗa ta WhatsApp, tunda kilomita fiye da 500 da ke tsakanin Tahoua da Yamai ba ta hana murya zuwa. Wanda shi ma kalma take ɓace masa ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin shiru a tsakiyar jimla. Sharaɗin dai shi ne komai ya fita da yardarsa, kuma abin da ya ce na akwati ne ya zauna a akwati.

Ke ma ki sayi naki kayen. Kin rubuto mini shafi biyu, kuma a cikinsu babu layi ɗaya da kika faɗi yadda kike, alhali ke ce kika kwana a barandar asibiti, ke ce kike tsakanin Inna da Kawu da shi. Idan kin je saya masa akwatin, ki haɗo da kaye biyu da biro mai kauri wanda hannu ke riƙewa ba wahala, ki ba shi ɗaya ki riƙe ɗaya, kuma ki rubuto mini bayan wata guda in ji amsar da ya ba ki a kan tambayar nan mai nauyi.